Yadda Ake Raba Gida Da Ƙwari Ba Tare Da Fiya-Fiya Ba

Tun da na ambata cewa shekara 3 ke nan rabon da a fesa fiya-fiya a gidana da ke Badariya, a Birnin Kebbi, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: to da me kuke kashe ƙwarin? Wasu daga Argungu sauro ne ya hana su barci, wasu daga Jega wake ne ke hujewa a ɗaki, iyayen 'yan makarantar kwana kuwa kukansu kuɗin cizo. Ga yadda muke yi, daki-daki.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu. Feshi yana kashe ƙwaron da ya fito ne, ba ya taɓa ƙwan da ke cikin tsaga. Bayan kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai a ce maganin jabu ne, a sayo wanda ya fi shi ƙarfi. An kashe maciji ba a sare kai ba ke nan. Don haka a wannan aikin kisa ne ke zuwa daga baya, kuma maimaitawa duk mako ita ce rabin aikin.

Shi fiya-fiya da Sniper, sinadarin da ake rubuta DDVP a jikin kwalba ne a cikinsu, kuma na gona ne. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. Ba abin da za a rufe ɗaki da shi a kwantar da jariri ba ne.

Kayan aiki

Tocila, tsintsiya, tsohon burushin haƙori, bokiti, garin sabulu, toka da rariya, baƙar leda babba, farar leda mai nuna ciki, kwalaben da aka gama amfani da su, gwangwanayen madara ko na tumatir, basilin, siminti kwano 1, da 'ya'yan dogonyaro. Yawancinsu suna gida. Wuri 3 kawai kuɗi zai fita da ɗan nauyi: ragar taga da ladan kafinta, buhun ajiyar hatsi mai leda 2 a ciki, da gidan sauro idan ba ku samu na rabo ba. Farashi yana sauyawa kusan kowace kasuwa, amma ragar taga sau ɗaya ake saye ta shekara da shekaru, maganin feshi kuwa duk wata sai an koma kanti.

1. Ku fara da bincike, da dare

Bayan isha'i da kamar awa 2, a kashe fitila a jira kaɗan, sannan a shiga madafa da tocila. Duk inda kyankyaso ya ruga, nan ne gidansa; a yi wa wurin alama da gawayi. A ɗaga murfin masai a haska. A koma ɗaki a duba ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado: ɗigo-ɗigon baƙi kamar na tawada kashin kuɗin cizo ne, farare ƙanana da suka manne kuwa ƙwai ne. Da safe a zagaya bango a nemi hanyar ƙasa da gara ke ginawa, a leƙa duk abin da ke riƙe da ruwa.

Kuskuren da aka fi yi: fara ɗebe kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan kafin a duba su. Da hannunku za ku raba ƙwarin ga sauran ɗakuna.

2. A yanke musu ruwa

Sauro ba ya haihuwa sai a ruwa, kuma a zafin ƙasarmu daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Idan babu ruwan da ke kwana 7 a kwance a gidanku, to gidanku ba ya haifar sauro. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Kebbi: binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya samu cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5, fiye da kowace jiha a Najeriya.

A juye randa da duro sau ɗaya a mako, a goge cikinsu da soso, domin akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin bangon randa, zubar da ruwan kaɗai ba ya fitar da shi. A rufe su da murfi mai kamawa ko a ɗaure bakinsu da ƙyalle. Tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen tulu, kaskon ruwan kaji, duk a kife ko a huda. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini a cike shi. Kwata a share ta ta riƙa gudu; wadda ta ƙi gudu a faɗaɗa mata hanya. Idan akwai ɗan ramin da ba yadda za a yi da ruwansa, a ɗiga man gyaɗa kaɗan ya rufe saman ruwan, tsutsar sauron za ta rasa numfashi.

Gargaɗi: kada a zuba baƙin mai ko kananzir a kwata ko kusa da rijiya. Yana bin ƙasa ya gurɓata ruwan sha.

Mutanen da ke bakin fadama, irin su Argungu, Bunza da Suru, inda shinkafa ke kwance cikin ruwa wata da watanni, wannan mataki ba zai ishe su ba, don sauronsu daga gona yake zuwa. Su mataki na 9 ne nasu.

3. A yanke musu abinci

Wanke-wanke kada ya kwana. Na san uwargida ta gaji, amma kwanon tuwon da ya kwana da ruwa a ciki walima ce ga kyankyaso. A share madafa da dare maimakon a bari sai safe. Sukari, gari, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi su shiga roba mai murfi. Shara ta fita kullum. Inda ake da turke, a kwashe kashin dabbobi aƙalla sau 2 a mako a kai nesa da ɗakuna ko gona, domin a cikinsa ƙuda ke zuba ƙwai. A masai kuma, bayan kowane amfani a watsa toka cikin hannu guda a mayar da murfi. Wari zai ragu, ƙuda ma haka.

Ga ƙudan da ya riga ya cika tsakar gida: a yanke gorar ruwa daga wuya, a juya saman ya shiga cikin ƙasan kamar mazurari, a zuba ruwan sukari da ɗan kan kifi da ɗigon sabulu. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. A rataye ta nesa da madafa, in ba haka ba kun gayyato shi ne.

4. A toshe tsaga

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bi alamomin gawayin nan ɗaya bayan ɗaya. Ginin siminti a cike da siminti, ginin ƙasa a yaɓe da ƙasa mai kyau. A kula da inda bututun ruwa ya ratsa bango, da gefen murfin ramin ruwan wanka, da ƙarƙashin ƙofa. Ƙofar da ke da rata a ƙasa, a yanko tsohuwar roba ta cikin taya a buga mata da ƙusa. Bututun iska na masai a ɗaure masa raga a baki.

Gargaɗi: kafin a toshe ramin da ake zaton akwai ƙwari ciki, a fara kwarara masa tafasasshen ruwa. Amma ban da ramin da wayar lantarki ta bi.

5. Kuɗin cizo

A nan zan daɗe, don shi ne ya fi ba ni wahala. Wasu kan ce masa gazunzumi. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, a daina jin kunya. A kaya yake zuwa: gwanjo, tsohuwar katifa, kujerar mota, akwatin ɗan makaranta. Namu a akwatin yarona ya shigo lokacin hutu. Na fitar da katifa rana yini guda, na mayar, muka yi barci lafiya kwana 9, a na 10 aka tashi da susa. Ashe da saman katifa ya yi zafi sai su gangara ƙasanta inda ke da sanyi, su jira.

Zafi ne makaminsa. Da shi da ƙwansa ba sa jure zafin da ya haura digiri 50, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke wuce 40 a inuwa, rana za ta yi muku rabin aikin kyauta. Ga jerin:

Na farko, a cikin ɗakin za a ƙulle zannuwan gado, rigar filo, labule da tufafi cikin leda, sannan a fitar. A jiƙa su cikin ruwa mai zafin da hannu ba ya iya shiga, kamar rabin awa, a wanke, a shanya, a goge da dutsen guga. Wanda aka gama da shi ya shiga sabuwar leda, kada ya koma ɗakin tukuna.

Na biyu, katifa. A kankare ɗinkinta da burushi a kan farar leda a waje, abin da ya zubo a watsa cikin ruwan zafi. A bi ɗinkin da dutsen guga, da ɗan ƙyalle mai laima a tsakani don kada soso ya narke. Sannan a naɗe ta ruf cikin baƙar leda, a ɗaure, a ɗora a kan siminti ko kwanon rufi mai zafi daga hantsi zuwa la'asar, a juya ta da azahar. A yi haka kwana 2 ko 3 a jere. Katifa mai kauri sosai zafin ba lallai ya kai tsakiyarta ba. Idan ta yayyage ta yi ramuka, ku haƙura da ita, a ƙone ta ko a yanka ta yadda wani ba zai tsinta ya kai gidansa ba.

Na uku, gado. A kwance shi gaba ɗaya a fitar, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da kowane ramin ƙusa. Tabarma ma haka. A duba bayan hotuna da kalanda da ke bango, da ramukan ƙusa, a toshe.

Na huɗu, da aka mayar da gado, a janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya, kada zani ko gidan sauro ya taɓa ƙasa. Kowace ƙafar gado ta zauna cikin gwangwani mai ruwan sabulu. Idan gadon katako ne, a sa ƙafar cikin ƙaramin gwangwani busasshe, shi kuma a sa shi cikin babba mai ruwan, don kada katakon ya ruɓe.

Na biyar, a sake duk wannan bayan kwana 7, sannan bayan wasu 7.

Gargaɗi: kada ku ƙaura daga ɗakin da nufin yunwa ta kashe su. Suna iya yin watanni ba su ci ba, kuma za su bi ku ɗakin da kuka koma. Kananzir da fetur kuwa, garin neman gira ne a rasa ido. Ashana ɗaya ta isa.

6. Kyankyaso, kiyashi da gara

Kyankyaso iri 2 ne a gidajenmu. Babban ja daga masai da ramin ruwan wanka yake fitowa, mataki na 4 ne maganinsa. Ƙaramin kuwa a madafa yake zama, cikin kabad da bayan firji, kuma macen tana yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 'ya'ya 30 zuwa 40. A fitar da komai daga kabad, a wanke da ruwan zafi da sabulu, duk jakar ƙwan da aka gani, mai kama da ƙwayar wake ruwan ƙasa, a murƙushe ta. Wanda ya fito a guje a fesa masa ruwan sabulu mai kauri, cokali 2 a lita 1. Ta jikinsa yake numfashi, sabulun na toshe ƙofofin.

Tarko: kwalba mai faɗin baki, a shafa basilin a cikin wuyanta zagaye, a jefa ɓawon ayaba ko ɗan burodi jiƙaƙƙe, a naɗe bayanta da takarda don ya samu abin hawa. A jingina ta a lungu. Da safe a zuba ruwan zafi a zubar. Kwalba 4 ko 5 a madafa, mako 3 a jere.

Gargaɗi: allin nan da ake zana wa kyankyaso guba ne, kuma yaro ba ya bambanta shi da allin makaranta. Kafur ma da ake jefawa cikin kayan jarirai yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jariran ya jawo musu shawara. A fitar da shi daga akwatin jego.

Kiyashi ƙamshin sawun 'yan uwansa yake bi. A bi layin har raminsa, a zuba ruwan zafi, a toshe, a goge hanyar da ruwan sabulu. Shi ke nan.

Gara ta fi wuya. A kankare hanyarta duk lokacin da ta gina, a ɗaga itacen girki da katako daga ƙasa a ɗora kan duwatsu, kamar yadda ake ɗora rumbu. Idan akwai suri kusa da gida, a haƙe shi har a samo uwar, fara mai kauri kamar yatsa, a bar wa kaji sauran. Mai shirin rufin ɗaki ya nemi azarar giginya, gara ba ta cika cin ta ba. In kuwa ta riga ta cinye katakon rufi, wannan aikin kafinta ne, ba na ruwan zafi ba.

7. Haɗa ruwan dogonyaro

'Ya'yan sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. A tsinci waɗanda suka nuna suka zubo, a wanke naman, a shanya a inuwa, a ajiye cikin kwando. A leda fumfuna suke yi. A fasa a fitar da ƙwayar, a daka rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki. A yayyafa da yamma a bayan kabad, gefen masai, gindin bango da turke. Rana tana kashe ƙarfinsa, don haka a haɗa na yini ɗaya kawai.

Kada ku sa ran ganin gawa nan take. Dogonyaro yana hana ƙwaro ci da girma ne, sai a hankali a ga sun ragu. A kan kuɗin cizo kuwa ban ga ya yi abin kirki ba, kada ku ɓata lokaci.

Gargaɗi: a ware masa turmi, ɗacinsa ba ya fita da wuri. Man dogonyaro kuma kada a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro, yana da haɗari a cikinsu.

8. Wake, hatsi da busasshen kifi

A nan aka fi cin guba ba a sani ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan DDVP ɗin a jikinsa. Mu kuwa muka ci gaba da yin alala da shi. Ga kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, wadda ke fitar da iska mai kisa. Buhun da aka sa wa ita bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutum ba.

Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar. Don haka:

A fara da bushewa. A zuba busasshen gishiri cokali 2 cikin busasshiyar kwalba, a ƙara wake cikin hannu, a rufe a girgiza, a bar shi kaɗan. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken bai bushe ba, a koma shanya.

Sai gashi da rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza waken siriri, a rufe da farar leda, a naɗe gefunan a danne da duwatsu. Awa 2 a tsakiyar rana, daga 11 zuwa 1, ya isa ya kashe ƙwaro da ƙwai. A bar shi ya huce sarai kafin a ɗura.

Sai ajiya inda iska ba ta shiga. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro kuma ake yin sa a Kano, leda 2 ne masu kauri cikin buhun saƙa. A hura kowace leda a matse a ji ko tana fitar da iska. A sa ɗaya cikin ɗaya, a ɗura, a bar kamar taƙi ɗaya a sama. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai. Sannan buhun waje. Ɗaure su tare shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kuɗinsa bai kai asarar tiya kaɗan na wake ba, kuma yana yin kaka 3 idan bai huje ba. Wanda ba shi da shi, jarkar da aka wanke ta bushe ta wadatar: a cika ta har wuya, a sa leda a baki, a murɗa murfi.

Gargaɗi: a ware na cin gida daban, domin duk buɗewa iska ce kuka ba ƙwaron. A ɗora buhun kan katako nesa da bango. Ɓera ya huda shi, aiki ya ɓaci. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin gona ba ta shiga wannan aiki.

Na ɗan kaɗan, dabarar kakanni tana nan: toka tatacciya kwano 1 ga wake kwano 1, a gauraya, a rufe saman da toka kaurin yatsu 2. Ko man gyaɗa cokalin shayi 1 ga kilo 1, a murza ya game. Barkono da ake jefawa yana ɗan taimakawa, amma ban yarda in dogara da shi kaɗai ba.

Kifin Yauri da na Argungu idan ya fara tsutsa, a mayar da shi kan banda ya sha wuta, a kakkaɓe, ya huce, a rufe. Wanda kuka gani a kasuwa ko ƙuda ba ya sauka a kansa, ku wuce.

9. Sauron dare

Raga a kowace taga, a rufe ƙofofi tun kafin magariba. Fanka tana taimakawa idan da wuta, don sauro ba ya iya tashi cikin iska mai ƙarfi. Hayaƙin ɓawon lemu ko ganyen dogonyaro yana kore shi na ɗan lokaci a tsakar gida, lokacin hira, amma ba ya kai ku asuba.

Gargaɗi: kada a rufe ɗaki da kaskon garwashi a kwanta. Iskar gawayi tana kisa ba tare da an farka ba.

Gidan sauron da ake rabawa, gaskiya, akwai magani a jikin zarensa, amma ɗan kaɗan ne da aka auna don a kwana a ciki, ba ɗaya yake da fiya-fiya ba. Ni dai ba na barin yarana su kwana babu shi. Sabo a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a ɗaura, shi ke hana ƙaiƙayin fuskar da ake kuka da shi. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke huda tun tana ƙarama, a wanke da sabulu mai laushi a shanya a inuwa. Masu kwana waje da bazara su kafa sanda 4 su ɗaura. Kuma don Allah a daina kewaye lambun tumatir da shi.

10. A maimaita

A zaɓi rana ɗaya a mako, mu Asabar muke yi. Randa, kwata, tarkon kwalba, ruwan gwangwanin ƙafar gado, ɗinkin katifa. Mako 4 a jere ba fashi, bayan nan sai abin ya koma na rabin awa. Don a tabbatar da kuɗin cizo ya ƙare, a shimfiɗa farin zani a duba shi kowace safiya. Idan aka yi mako 3 babu ɗigon jini ko baƙi, an rabu.

Idan kuwa kun yi komai yadda ya kamata amma suna dawowa, ku dubi katangar da kuka haɗa da maƙwabci da kwatar da ta ratsa gidajenku, ku yi magana da shi cikin mutunci a sa rana ɗaya a yi tare. Akwatin ɗan makaranta kuma, ranar da ya dawo hutu, a tsakar gida za a buɗe shi, ba a ɗaki ba.